NAZARI: Kafin a gama auna tarihin Kabo da Gwarzo a kan sikelin 'yan gwangwan

Wanda ya bi titin da ya tashi daga Kano ya ratsa Rimin Gado da Kabo zuwa Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, ba zai rasa ganin sikelin 'yan gwangwan a bakin hanya ba. A kansa ake ɗora mataccen injin niƙa, da tsohon famfon ban ruwa, da garmar tarakta, da baƙin ƙarfen da ba a ma san daga jikin wace na'ura ya fito ba. Kilo nawa ne, nawa ne kuɗinsa, shi ke nan ciniki ya faɗa. Daga nan sai babbar mota, sai tukunyar narka ƙarfe.

Sana'a ce halattacciya da ke ciyar da gidaje masu yawa. Sai dai a cikin abin da ake aunawa akwai shaidar wani zamani da wannan yanki na yammacin Kano ya yi fice a aikin injiniya, kuma babu wata hukuma da aka ɗora wa alhakin tsayawa ta tantance wanne ne shara, wanne ne tarihi.

Batun ya ƙara nauyi ne saboda sabon baƙon da yankin ya yi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kabo, tare da wasu biyu a jihohin Abia da Delta. A 2025 kuma aka ɗaga darajarta zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, bayan ƙoƙarin Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Barau Jibrin, wanda ɗan garin ne. Gini zai tashi, za a ɗauki ma'aikata, kasafi zai riƙa zuwa. Abin da doka ba za ta iya samarwa ba shi ne yaron ƙauyen Garo ko Getso da zai taso da sha'awar sanin yadda inji yake aiki, har ya ga cewa jami'ar tasa ce.

A wasu ƙasashe an jarraba wata dabara don cike irin wannan giɓi: haɗa manyan injuna masu motsi, rabi fasahar hannu rabi aikin injiniya, a fito da su fili inda talaka zai gani, ya taɓa, ya yi tambaya. Ko dabarar za ta yi aiki a Kabo da Gwarzo, ya danganta da abin da aka ɗauko daga cikinta da abin da aka bari.

Abin da yankin ya mallaka

Gadon farko yana kwance ne a cikin ruwa. Bayan farin da ya addabi Arewa a farkon shekarun 1970, gwamnatin Kano ta dage da gina madatsun ruwa, aikin da Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya aza harsashinsa. Hukumar WRECA ta jihar ce ta riƙe ragamar yawancin wannan aiki. Dam ɗin Guzuguzu da na Magaga da na Pada, a ƙasashen Kabo da Gwarzo, suna cikin madatsun da suka rage daga wancan yunƙuri. A maƙwabciyarsu Karaye kuma akwai babban dam na Challawa, wanda aka kammala a farkon shekarun 1990.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan madatsu darasi ne a buɗe. Akwai lissafin yadda aka danne ƙasa rukuni-rukuni har ta riƙe ruwa ba tare da yoyo ba, da mafitar da ke zubar da rarar ruwa lokacin damina don kada bango ya ɓalle, da ƙofofin da ke sakin ruwa zuwa gonaki, da matsalar yashi da laka da ke cike cikin dam shekara bayan shekara. Yara suna wanka da kamun kifi a gefensu, manoman rani suna ja da injin fetur, amma ba kasafai ake samun wanda ya zaunar da su ya bayyana musu waɗannan abubuwa ba. Mutanen da za su iya yin bayanin daga abin da hannunsu ya yi, wato tsofaffin direbobin katafila da safiyo da kanikawan WRECA, tsufa ya kama su. Shi kansa Gwamna Abba Kabir Yusuf ya yi aiki a wannan hukuma a farkon rayuwarsa ta aikin gwamnati.

Gado na biyu ya bi ta sararin samaniya. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Dankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin Kabo Air a 1980, ya sa sunan garinsu a jikin jirage, ciki har da samfurin Boeing 747 da suka yi shekaru suna jigilar alhazai zuwa ƙasa mai tsarki. Ya rasu a 2002, kuma daga baya jiragen kamfanin suka daina tashi. Dattawa da yawa a Arewa sun san sunan Kabo ne ta dalilin tikitin aikin Hajji. Yaron da aka haifa a garin shekaru goma da suka wuce labari kawai yake ji.

Gado na uku ya girmi sauran. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tun kafin dalar gyaɗa da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, maƙeran ƙasar Hausa suna narka tama, suna ƙera garma da fartanya da lauje. Zuga-zugi famfon iska ne. Jigo lissafin nauyi ne da ma'auni. Masaƙa tsari ne na motsi da ke maimaita kansa ba kuskure. Waɗannan duka aikin injiniya ne, ko da ba a taɓa kiransu da wannan suna a aji ba.

Doka ba ta ba irin wannan gado mafaka sosai. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki shekarar 1918 a matsayin ma'auni ga galibin kayan aikin hannu da take karewa. Famfon da aka girka a 1978 ko injin gyaɗa na zamanin Sardauna bai tsufa ba a idon wannan ma'auni, amma ya tsufa a idon mai sayen ƙarfe. A Legas, ƙungiyar sa-kai ce mai suna Legacy ta raya gidan Jaekel da ke Ebute Metta a matsayin ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa. Gidan Makama da Gidan Dan Hausa a Kano sun fi karkata ga tarihin sarauta da al'ada da zuwan Turawa.

Yadda wasu suka yi

Birnin Nantes na Faransa ya rayu a kan ƙera jiragen ruwa har zuwa 1987, lokacin da aka rufe masana'antar ƙarshe. Shekaru ashirin bayan haka, a 2007, aka buɗe wani wurin baje koli a cikin tsofaffin rumfunan masana'antar, inda masu fasaha François Delarozière da Pierre Orefice suka haɗa giwar katako da ƙarfe mai tsayin mita 12, tana tafiya da kimanin mutum 50 a bayanta, tana fesa ruwa da dogon hancinta. Abin lura a nan shi ne ba a ɓoye cikin giwar ba. Mai kallo yana ganin bututun mai da gaɓoɓin ƙarfe da direban da ke sarrafa su, kuma ana iya leƙa ma'aikatar da ake ƙera sababbi.

A yankin Cornwall na Ingila, a 2016, an haɗa wani ƙaton mahaƙin ma'adinai na ƙarfe mai tsayin fiye da mita 10, aka zagaya da shi garuruwan da suka yi tashe da haƙar kuza da tagulla, don cikar shekara goma da UNESCO ta sanya wuraren a jerin kayan tarihi na duniya. A Birmingham kuma, ƙaton bijimin ƙarfe da aka fito da shi a bikin buɗe wasannin ƙasashe rainon Ingila na 2022, don tuna zamanin masana'antun birnin, ya tsira daga wargazawa saboda jama'a sun nemi a bar shi. Yanzu yana tsaye a tashar jirgin ƙasa ta New Street.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. A Kinshasa, injiniya Thérèse Izay Kirongozi da ƙungiyarta ta mata sun kafa mutum-mutumin ba da hannu a kan tituna tun 2013, masu aiki da hasken rana. A Najeriya, Dotun Popoola ya yi suna wajen mayar da tarkacen ƙarfe zuwa manyan siffofi da ake baje kolinsu har a ƙasashen waje.

Darasin da ya haɗa waɗannan misalai guda ne. Mutum yakan wuce allon bayani bai karanta ba, amma da wuya ya wuce ƙarfen da ke motsi bai tsaya ba. Tsayawar nan ita ce ƙofar tambaya, tambaya kuwa ita ce farkon karatu.

Hannu akwai, mazauni ne babu

Kano ba ta da ƙarancin masu irin wannan baiwa. A 2007 kamfanin dillancin labarai na AFP ya ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da zahiri a Jami'ar Bayero mai shekara 24, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da kujerun Toyota da tarkacen wani jirgin sama. A 2022 Reuters ta nuna wa duniya Isah Auwal Barde, ɗan shekara 17, da saƙagon da ya shafe shekara biyu yana haɗawa da ƙananan motoci na lantarki da wayoyin tagulla da bututu da kwali, wanda ke kwaikwayon motsin hannun mai sarrafa shi.

A ƙasa da waɗannan akwai dubban yara da ke ƙera motar kara da ta gwangwani da ta langa-langa, da masu walda da ke haɗa injin casar masara da na sussukar gero ba tare da zane a takarda ba. Salon da aka saba gani shi ne bidiyo ya yaɗu a Facebook, wani babba ya kira yaron a ɗauki hoto, a yi alƙawari, ƙura ta lafa. Abin da yaron ya ƙera ya koma bayan ɗaki har ruwan sama ya cinye shi. Babu wurin ajiya, babu ma'aikatar da zai koma gobe, babu malamin da zai nuna masa inda lissafinsa ya kuskure.

A ɓangaren gwamnati, hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙasa ta ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a 2020. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 ta shigo da darussan fasahar zamani da sana'o'in hannu. Duk waɗannan suna da kyau a takarda. Makarantar ƙauye da ba ta da lantarki kuwa, za ta koyar da su ne da alli, kamar yadda ta daɗe tana koyar da kimiyya ba tare da ɗakin gwaji ba.

Batun siffa

Duk wanda zai kawo wannan dabara Kano dole ya fuskanci tambayar addini tun daga farko. Sassaƙa siffar abu mai rai batu ne da malamai suka yi tsauri a kansa, kuma a 2021 Hukumar Hisbah ta jihar ta hana amfani da mutum-mutumin tallar tufafi a shaguna. Ƙaton ƙarfe mai fuskar mutum a tsakiyar kasuwar Gwarzo zai jawo muhawarar da za ta danne manufar aikin gaba ɗaya.

Amma siffar mutum ko dabba ba ita ce zuciyar al'amarin ba. Motsi ne da bayyanar da cikin inji. Ana iya haɗa jigo mai tsayin bene, a sa masa na'urar da ke jin danshin ƙasa, ya riƙa ɗebo ruwa da kansa idan ƙasa ta bushe, ya tsaya idan ta jiƙa. A nan yaro zai ga sassa ukun da kowane saƙago ya dogara a kansu: abin da ke ji, abin da ke yanke hukunci, da abin da ke motsawa. Ana iya haɗa zuga-zugi da guduma masu aiki da farantin sola kusa da maƙerin gaske, a ga bambanci da kamanni. Ana iya gina ƙaramin samfurin dam ɗin Guzuguzu da ruwa na gaske, yara su buɗe ƙofa su rufe, su zuba yashi su ga yadda cikinsa ke raguwa. Ana iya ƙera fiffiken jirgi mai lanƙwasa kansa a gaban fanka, a rubuta tarihin Kabo Air a gefensa.

Wannan hanya tana da asali a tarihin Musulmi. A 1206 injiniya Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar sarakunan Diyarbakir a ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa da ya bayyana na'urori kimanin 50, daga agogunan ruwa zuwa injunan ɗaga ruwa daga kogi. Ya yi bayanin yadda ake haɗa su dalla-dalla domin wani ya iya maimaitawa. Injunansa na ɗaga ruwa, waɗanda ba su buƙatar siffar kowa, za su zauna daram a bakin dam ɗin Pada, kuma malamin Islamiyya da malamin kimiyya za su iya tsayawa a gabansu tare.

Inda za a iya yin tuntuɓe

Akwai hujja mai ƙarfi a hannun masu cewa wannan ba shi ne abin da ya fi gaggawa ba. Yankin da yara ke zama a ƙasa a aji, da manoma ke kukan tsadar taki da fetur, yana da haƙƙin ya tambayi dalilin kashe kuɗi a kan abin kallo. Amsar da za ta gamsar ita ce wadda ta rage kuɗin ta kuma ƙara amfanin. Idan kayan aikin tarkace ne na gida, masu haɗawa ɗalibai ne da masu walda na gari, kuma abin da aka haɗa yana ban ruwa ko niƙa da gaske, to ya zama ɗakin gwaji ne da aka fitar waje.

Haɗari na biyu shi ne kwangila. Da zarar ra'ayi irin wannan ya shiga kasafi a matsayin aikin mazaɓa, abin da aka saba gani shi ne a sayo na'ura daga China, a yanka kirtani, ta lalace bayan wata shida, a rasa mai gyara. Ko Nantes da ta yi nasara ta ɗanɗana wannan ɗaci: a 2022 hukumomin birnin suka yi watsi da wani sabon aiki na ƙatuwar bishiyar ƙarfe bayan ƙiyasin kuɗinsa ya haura zuwa kusan Yuro miliyan 80. Ma'aunin da ya dace da Kabo mai sauƙi ne. Duk injin da kanikawan garin ba za su iya kwancewa su mayar ba, bai cancanci a girka shi ba.

Na uku shi ne tsaro. A tsakiyar 2025 wani abin fashewa da ya shigo cikin lodin tsofaffin ƙarafa ya tashi a yankin Hotoro a birnin Kano, ya hallaka mutane, lamarin da ya sa gwamnatin jihar ta dakatar da shigo da irin waɗannan kaya daga Arewa maso Gabas. Ɗalibi ba zai shiga tarin ƙarfe yana tsinta ba sai an tantance. Haka kuma abin da aka girka a fili yana iya komawa kan sikelin da aka ceto shi daga kai, muddin mutanen unguwa ba su ɗauke shi nasu ba.

Na huɗu shi ne wanda za a bari a baya. Garejin walda da maƙera wurare ne na maza. Idan aka tsaya a kansu kaɗai, 'yan mata za su zama 'yan kallo. Misalin Kinshasa ya nuna cewa ba dole ba ne hakan ta kasance, kuma makarantun 'yan mata na yankin suna iya riƙe ɓangaren haɗa wayoyi da rubuta umarnin kwamfuta tun daga ranar farko.

Abin da za a iya farawa da shi

Matakin farko ba ya buƙatar ginin ko ɗaki ɗaya. Ƙidaya ce: ɗaliban sabuwar jami'ar su bi madatsu da tsofaffin rumbunan hukumar gona da harabar ƙananan hukumomin biyu, su rubuta kowace tsohuwar na'ura, su ɗauki hotonta, su gano shekararta da aikin da ta yi. A lokaci guda a naɗi muryoyin tsofaffin ma'aikatan WRECA da na Kabo Air da sarakunan maƙera, da Hausa, tun suna raye. Injin da ya lalace ana iya gyara shi bayan shekara ashirin. Dattijon da ya san labarinsa idan ya tafi, ya tafi da shi.

Mataki na biyu yarjejeniya ce da shugabannin 'yan gwangwan, domin su ne suka fi kowa sanin abin da ke fita daga yankin. Idan jami'a ko ƙaramar hukuma za ta sayi abin da ke da darajar tarihi a farashin kilo, dillali bai yi asara ba, gari kuma bai rasa ba. Gwanjon tsofaffin kayan gwamnati ma ana iya sa masa sharaɗin a ware samfuri guda kafin a sayar da sauran.

Na uku shi ne a fito da aikin inda mutane suke. Baje koli sau ɗaya a shekara, a ranar kasuwa ko cikin hidimar Sallah, inda kowace sakandare za ta zo da inji guda da ta haɗa tare da wani mai sana'a na garinsu, zai kai ga iyayen da ba za su taɓa taka harabar jami'a ba. Uban da ya ga 'yarsa tana bayyana wa hakimi yadda jigo ke jin ƙishirwar ƙasa zai sake tunani kafin ya cire ta daga makaranta.

Asusun TETFund yana ba manyan makarantun gwamnati kuɗin bincike da kayan aiki, kuma yankin yana da wakilai a manyan kujeru a Abuja da Kano. Saboda haka tambayar da 'yan jarida da ƙungiyoyin ci gaban Kabo da Gwarzo ya kamata su riƙa yi a kowane kasafi ita ce nawa aka ware wa ma'aikatar koyon ƙira, wa ke riƙe da mabuɗinta, kuma yara nawa daga makarantun gwamnati na yankin suka shiga cikinta a shekarar. Kafin a samu amsa, motocin ƙarfe suna ci gaba da lodi a bakin titin Gwarzo, kuma abin da ya shiga tukunya ba ya fitowa da sunansa.